Tukunyar Mutum Biyu

A benen nan kowa Amarya yake ce mata, har yaran da ta goya, har mijin 'yarta. Furfura ta cinye rabin kanta, gwiwa ta fara yi mata gardama a kan matakala, amma sunan ya ƙi sakinta, ita ma ba ta taɓa neman ya sake ta ba. Ranar da ta tare aka laƙaba mata shi. Waɗanda suka ga ranar kuwa ba fuskarta suka riƙe ba, tukunyarta suka riƙe, domin sai da ƙarti biyu suka kama ta kafin ta hau sama, suna tafe suna tambaya ko gidan abinci za a buɗe.

Tukunyar da dalilinta. Amarya marainiya ce, a hannun goggonta ta tashi, Goggo kuwa ita ce shugabar masu girki a wata makarantar kwana. Tun tana 'yar mitsitsiya take bin ta kicin ɗin nan mai baƙin rufi, inda tururi ba ya ɗaukewa daga safe har yamma. Da tsintar tsakuwa a wake ta fara, ta koma yankan albasa har idonta ya gaji ya daina hawaye, kafin ta gama zama budurwa an sakar mata murhu guda. A can ba a san wani abu wai shi kofi ba. Shinkafa da bokiti ake auna ta, mai daga jarka ake tuttula shi, gishiri da hannu biyu ake watsa shi, miya kuma sai an taka kujera ake juya ta. Goggo mace ce mai faɗa, mai kyauta, kuma dokarta ɗaya ce: abinci ya ragu ba laifi, amma yaro ya miƙo kwano a ce masa ya ƙare, wannan abin kunya ne da ba ya wankuwa. A kan wannan dokar hannun Amarya ya girma.

A kicin ɗin mijin ya same ta. Mai gyaran firji ne, siriri, mai kunya, aka kira shi ya duba babban firjin ajiye nama. Aikin wuni ɗaya ne, amma firjin nan ya shiga lalacewa duk mako, kuma ba ya tashi lalacewa sai ranar da Amarya ke aiki. Goggo ta zuba ido har ta gaji, ta tare shi a bakin ƙofa ta ce, "Kai Mai Firji, in 'yata kake so ka buɗe baki ka faɗa, ka bar mana firji ya huta." Daga ranar firji ya warke.

Tangarɗar ba daga Goggo ta fito ba, daga yayansa ta fito. Yaya shi ya rene shi tun rasuwar iyayensu. Yana da shagon kayan mota da gida mai ɗakuna, kuma bai saba a ce masa a'a ba. Kafin a tambaye shi ma ya sa an yi wa ɗaki biyu fenti a gidansa. Da ƙanen ya sunkuyar da kai ya ce su haya suke so su kama, Yaya ya ajiye kofin shayinsa.

"Haya? Da wane albashin? Ka san me ake nufi da riƙe gida kuwa? A nan tukunya ɗaya ce, da kai da babu za ka ci. Me na yi maka?"

"Ba ka yi min komai ba, Yaya, sai alheri."

Gaskiya ya faɗa, ba wanda ya taɓa yi masa kallon banza a gidan. Abin dai shi ne, su biyun babu wanda ya taɓa riƙe makullin ƙofarsa. Ita a kan katifa ta girma a gindin gadon Goggo, shi kuma a ɗakin bakin ƙofar Yaya, tare da tayoyi da batura. Ƙofa suke so wadda za su rufe da hannunsu, su buɗe wa wanda suka ga dama.

Yaya ya ce, "Shi ke nan. Wata uku na ba ku. In na ji an ci bashi, ko an wuni ba a ɗora tukunya ba, ba zan yi dogon zance ba, motar kaya za ku gani a ƙofa. Daga nan kuma kada wanda ya sake kawo min maganar haya."

Suka kama ɗaki da falo a hawa na biyu. Kicin ɗin kuwa, in mutum ya shiga sai dai ya fito da baya. Taga ɗaya ce tana kallon titi, ga famfo, ga gas mai kai ɗaya. Da aka ɗora tukunyar da Goggo ta ba ta, gas ɗin ya ɓace a ƙarƙashinta gaba ɗaya, sai ka leƙa ka ga wuta. Amarya dai ba ta ga aibun komai ba. Ta shafa bango, ta buɗe taga ta rufe, ta murɗa makulli ya fi a ƙirga, don kawai ta ji ƙararsa.

Da albashi ya shigo, Mai Firji ya ware kuɗin cefanen wata ya damƙa mata, yana wani ƙanƙance ido irin na sabon maigida. Wajen sayayya kam ba a cutar Amarya. Ta san shinkafar da ke kumbura, ta san waken da ƙwari suka fara shiga, mai kuwa da hanci take gane shi. Ta sayo shinkafa, wake, taliya, mai, albasa, tumatir, gishiri, da ɗan nama, kayan da in da hankali za su kai mutum biyu ƙarshen wata har su yi saura. Ba a kasuwa ɓarnar take ba, a hannunta take.

Ranar farko ta ce wa kanta, mu biyu ne, kaɗan zan zuba. Ta ɗebo gwangwani ɗaya ta juye, ta leƙa, sai ta ga shinkafar ta kwanta a gindin tukunya kamar an zubar da ita bisa kuskure. Ta ji kunya ta ƙara. Ta sake leƙawa, ta ƙara. Mai ma haka, albasa ma haka. Da ta sauke, abincin da zai ƙosar da mutum goma ne yake tururi a gabanta, amma a idonta bai fi ɗanɗano ba. Suka ci suka ci har suka kasa tashi, tukunya ko gezau ba ta yi ba. Gidan mai gyaran firji kuwa, kamar yadda aka saba, babu firji.

To, me za a yi da ragowar? Zubarwa ba ta taso ba, 'yar Goggo ce. Sai kwanuka suka fara hawa da sauka a matakala. Matar mai gadi da yaranta a ƙasa suka samu, 'yan mata biyu masu aikin asibiti a hawa na uku suka samu, tsohon da ke ƙofar da ke jikin tasu ma ya samu. Shi wannan Baba Masinja ake ce masa, tsohon masinjan ofis ne da ya yi ritaya. Matarsa ta rasu, 'ya'ya sun watsu neman abinci, daga shi sai rediyonsa. Cikin 'yan kwanaki sunan Amarya ya cika benen. Ana yi mata addu'a a sama, ana yi mata a ƙasa. Mai Firji in ya dawo aiki sai ya ga ana gaishe shi da hannu biyu, ya hau sama yana murmushi, yana ganin shi dai ya yi dacen mace mai albarka a hannu. Bai taɓa buɗe bokitin shinkafa ba, shi da ko gishiri bai san inda yake ba.

Wata safiya ta zura gwangwani a bokiti, ta ji ya karci gindi. Ta leƙa, gabanta ya faɗi. Ta ɗaga jarkar mai, ta ji ta sakayau. Wake ya koma 'yan tsiraru a kusurwar leda. Watan kuwa ko rabi bai yi ba. Ta zauna a bakin ƙofar kicin, ba abin da take gani sai motar kaya a ƙofar bene, da ƙartin nan biyu suna sauko da tukunyarta. Tsoro ya kama ta sosai. Abin haushin kuma, da ta tashi girkin rana, hannun nan bai ji tsoron ba, ya sake zubawa yadda ya saba.

Da ta sauke ta zuba a kwano, ta ƙwanƙwasa wa Baba Masinja. Ya buɗe, tabarau a hanci an ɗaure ƙafarsa ɗaya da zare.

"Baba, ina wuni? Ga ɗan abinci."

"Lafiya lau, 'yata. Allah ya yi miki albarka. Mayar da shi."

Ta tsaya riƙe da kwano. Tun da take ba a taɓa mayar mata da abinci ba. "Baba, wani abu na yi? Ko gishiri ya yi yawa jiya?"

"Gishiri daidai yake. Bangon nan ne ba daidai ba, ko tari kika yi ina ji. Da kika tare, in kin zura gwangwani a bokiti ba na jin komai. Yau da safe na ji shi yana karta. Ni ba zan ci abincin da mijinki zai nema mako mai zuwa ya rasa ba."

Nan take hawaye ya ɓalle mata. Ta gaya masa komai a tsaye, har maganar Yaya da motarsa. Tsohon ya saurara bai katse ta ba, sannan ya ce, "Share fuskarki, kukan ya jira. Mu je in ga kicin ɗin."

Daga bakin ƙofa ya tsaya, ya hangi tukunyar, ya gyara tabarau. "Innalillahi! 'Yata, a nan kike girki, ko a nan za ki riƙa yi wa yara wanka?" Duk da hawayen sai da ta yi dariya. Ya ce ta ɗebo masa abin da take kira kaɗan a faranti. Ta ɗebo. Baba ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

Ya koma ɗakinsa ya dawo da wata 'yar tukunya mai hannu ɗaya, gindinta ya yi baƙi, murfinta ya lotsa a gefe, da wani kofin shayi mara mariƙi.

"Ta mai ɗakina ce, Allah ya jiƙanta. Da yara suka watse muka rage mu biyu, da ita ta riƙa yi mana girki. Da ta rasu na ga ta yi min girma, na sayi wadda ba ta kai ta ba. Kin san abin da na koya? Ido ba cikin mutum yake dubawa ba, cikin tukunya yake dubawa. In kin ba shi ƙatuwa, sai ya cika ta hankalinsa zai kwanta. Ni ma na sha zubar da abinci kafin kuɗin fansho su koya min hankali. Riƙe wannan. Waccan kuma in mijinki ya dawo ya kai min ita ɗakina, can za ta zauna."

Ya sa ta fito da duk abin da ya rage, aka baje a tabarmar falo. Da kofin nan mara mariƙi ya riƙa aunawa yana yin ƙananan tsibi, na kowace rana daban, har zuwa ranar albashi. Tsibin suka yi mata ƙanƙanta har ta ji kamar zagi ne. Ya nuna mata yadda ake auna mai da cokali maimakon a karkata jarka, yadda ake yanka rabin albasa a kife ragowar a faranti, yadda ake jiƙa wake tun safe don kada ya sha gas, yadda ake rufe tukunya a rage wuta a ƙyale ta. Duk girkin da ta sani na duniya, sai ga ta tsaye tana cewa "To, Baba" kamar ranar da ta fara shiga kicin.

Da yamma Mai Firji ya dawo ya tarar da tsibi-tsibi a ƙulle cikin leda, da 'yar tukunyar da bai sani ba a kan gas. Ba ta ɓoye masa komai ba. Ya zauna a hannun kujera yana kallon ledojin.

"Wato duk benen nan ni nake ciyarwa?"

"Har da yaran mai gadi."

"Shi ya sa ake gaishe ni kamar mai gidan haya!" Ya fashe da dariya, ya yi ta yi, sai kuma dariyar ta tsaya cak. "Yaya fa?"

"Ba za mu ci bashi ba," in ji ta. "Kuma ba za a wuni ba a ɗora tukunya ba. Sai dai ka yi haƙuri da ni, ba za ka ga nama ba sai wani watan."

Sai ya ce shi ma ba wankakke ba ne. Kullum da rana sai ya sayi abinci a bakin shagon da yake aiki, da lemo, alhali ya baro tukunya cike a gida. Daga gobe ta riƙa zuba masa a kula. Ya tashi ya rungumi tukunyar Goggo ya kai ɗakin Baba, tsohon ya mai da ita wurin tara ruwa.

Kwanakin da suka biyo baya ba su yi daɗi ba, ba sai an yi ƙarya ba. Ƙwai ɗaya a raba biyu, miya ba ta da maiƙo, shayi ba madara. Amma abin da ya fi wahalar da Amarya hannunta ne. Za ta auna abin da aka ce ta juye, sai ta ga hannun ya koma leda da kansa. Baba kuwa kunnensa na jikin bango. Da ya ji motsin ya wuce ƙa'ida sai ya buga bangon da sandarsa, ƙwas ƙwas, ita kuma ta ce, "Na ji, Baba!" ta mayar. Har ta kai in ta auna sai ta ɗaure ledar ta fita da ita falo, ta dawo ta kunna wuta.

Kwanuka suka daina yawo a matakala, gaisuwa ma ta ragu. 'Yan matan asibiti dai 'yan halak ne, da suka gane halin da ake ciki suka sauko mata da ƙwai da albasa, suka ce tukuicin abin da suka ci ne. Matar mai gadi kuwa, wadda ta fi kowa cin abincin, ita ta fara cewa, a inda ta san za a ji, "Amarya an waye, an koyi rowa." Mutum ke nan, ka ciyar da shi mako biyu ya mai da abin haƙƙinsa. Maganar ta soki Amarya fiye da yunwa, domin a duniyarta babu zagin da ya kai wannan. Ta kai ƙara wajen Baba tana cewa ita fa ba za ta iya rayuwa ba ta ba kowa komai ba.

"Wa ya ce kada ki bayar?" in ji shi. "Kyautar ma auna ta za ki yi. Kwano ɗaya a mako, ki sa shi cikin lissafi tun farkon wata, ki kai wa yaran, ba uwar ba. Wanda kike yi da can ba kyauta ba ce, neman wurin zubarwa ne."

Ta ji zafin maganar, ta kuma san gaskiya ce.

Suka kai ranar albashi da ƙyar, amma suka kai, ba su karɓi ko sisin kowa ba. Wannan karon su biyu suka zauna. Aka fara cire kuɗin haya, aka cire na gas da na mota, sannan aka zo kan ciki. Baba ya ɗauki sandarsa ya raka ta kasuwa da la'asar, lokacin da masu tumatir suka gaji da rana suna son tafiya gida. Ya ce busassun kaya a saye su na wata, ɗanyu kuma kaɗan-kaɗan, kuma kada ta kuskura ta shiga kasuwa da yunwa, don mai jin yunwa komai ya gani sai ya ga gidansa na bukata. Da suka dawo ta raba shinkafa da wake da taliya a robobi, kowane mako da tasa, ba a buɗe ta gaba sai ta baya ta ƙare. Mai Firji ya samo wayoyin cikin wani mataccen firji ya kafa mata kanta a bango, aka jera robobin a kai, kowa ya shigo falo yana hango su. Da Goggo ta zo ganin ɗaki ta ga tukunyar da ke kan wuta, sai ta ce, "Wannan ta shayi ce, ina ta abincin?" Amma ta ci, ta kuma sa albarka.

Amarya ba ta taɓa mantawa da abin da tsohon nan ya yi mata ba. Ta sha faɗa cewa Goggo ta koya mata girki, Baba ya koya mata zaman gida. Shekaru bayan haka, da ƙafa ta kasa shi, ita ta riƙa dafa masa, tana wanke masa kaya, tana yi masa faɗa in ya ƙi shan magani, 'ya'yanta kuma Kaka suka tashi suna ce masa. Wannan karon bai mayar da kwano ba, sai dai kullum ya tambaya, "Yana cikin lissafi?" ta ce yana ciki. Ran da ya rasu ta yi kukan da ba ta samu ta yi wa mahaifinta ba. Har yau in an ambace shi sai ta ce Allah ya saka masa da alheri, ta faɗa a hankali, ba irin faɗar da ake yi don sabo ba.

Amma a koma kan watan nan na uku. Maganar matar mai gadi ta yi ƙafa. Daga "an koyi rowa" ta zama "sun sayar da tukunya," daga nan ta zama "yunwa ta sa sun fara sayar da kayan ɗaki," har ta isa shagon kayan mota. Ranar hutu da rana, wata na gab da ƙarewa, Amarya tana yanka rabin albasa ta ji ƙarar babbar mota ta tsaya a ƙasa. Ta leƙa ta taga. Motar kaya ce, bayanta a buɗe, Yaya yana fitowa daga gaba. Wuƙar ta kusa suɓuce mata.

Ya hawo yana haki, ya amsa gaisuwa a taƙaice, ya zauna. Idonsa ya zagaya falon yana neman abin da aka sayar. Mai Firji ya durƙusa gefe.

"Yaya, ka zo a daidai," in ji Amarya. "Yanzu zan ɗora."

"Ɗora in gani."

Ta sauko da robar ƙarshe daga kan kantar. Ta auna na mutum uku da kofin Baba, a gabansa, ta mayar da murfi. Akwai saura a ciki, kuma ta san ya gani. Da ta gama ta zuba faranti uku, shinkafa da miya da yankan nama ɗai-ɗai. Yaya ya ci nasa tas, ya miƙo farantin.

"Ƙaro min, Amarya."

Ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Ta ce, "Yaya, ka yi haƙuri, na mutum uku na dafa. Wanda ya rage a roba na gobe ne da jibi. In kana so in dafa maka ƙwai."

Ta jira faɗa. Da ta ɗago sai ta ga Yaya ma ba ita yake kallo ba, ƙanensa yake kallo. Shi kuwa Mai Firji bai kai rabin farantinsa ba. Ya ɗan saki jiki, ya ajiye cokali yana ba da labarin wani firji da aka kawo musu da ɓera a ciki, ya sha ruwa, ya sake ɗaukar cokalin ba tare da gaggawa ba.

"Kai," in ji Yaya, "tun yaushe kake cin abinci haka?"

"Yaya, kamar yaya?"

Yaya ya juyo wajen Amarya. Muryarsa ta sauya. "Ke ba ki san shi ba. Da iyayenmu suka rasu, ni ma ɗaki na kama, ina ganin na isa. Ban iya komai ba. Ran da na samu mu ci har mu zubar, ran da ban samu ba mu sha ruwa mu kwanta. Yaron nan bai taɓa sanin ko gobe akwai ba. Tun daga lokacin, in an ba shi abinci sai ya kare kwanon da hannu ɗaya, ya riƙa turawa kamar ana binsa. Na yi arziki, na cika gida da buhuna, bai daina ba. Ni na jawo masa. Shi ya sa na rantse ba zai sake zama inda idona ba ya ganin tukunyarsa ba."

Idon Amarya ya koma kan farantin mijinta. Sai yanzu ta tuna yadda yake ci a kwanakin farko, ga abinci tuli a gabansa amma hannunsa na kewaye da faranti. Ita a lokacin daɗin girkinta ta ɗauka. Ba ta ma san ranar da ya daina ba. Ta dubi mijinta, ta ga ya sunkuyar da kai yana murza cokali, tausayinsa da na yayan ya cika mata ƙirji.

Yaya ya share idonsa da bakin hannun riga, ya yi kamar wani abu ne ya faɗa masa. Ya miƙe ya je taga, ya leƙa ƙasa ya ɗaga murya, "Direba! Rufe bayan motar, ba abin da za a ɗauka."

Suka rako shi bakin matakala. Ya taka ɗaya, ya tsaya, bai juyo ba.

"Allah ya yi miki albarka, ƙanwata. Ku koma, abincinsa zai huce. Ki rufe ƙofarki."

Ta koma ta rufe, ta jingina da ƙofar tana faɗin Alhamdulillahi, hawaye na zuba ba ta share ba. Mai Firji ya zauna ya jawo farantinsa, ya ci gaba da ci a hankali.